Otepää: Garin Tuta Da Dusar Ƙanƙara A Ƙasar Istoniya

A kudancin ƙasar Istoniya, kimanin kilomita 40 daga birnin Tartu, akwai wani ɗan gari mai suna Otepää, wanda mazaunansa ba su wuce mutum 2,000 da 'yan kai ba. Matafiyin da ya ratsa ta tsakiyarsa a mota, kafin ya gyara zama ya riga ya fita daga cikinsa. Amma duk da ƙanƙantarsa, da wuya a sami ɗan makaranta a wannan ƙasa wanda bai san sunansa ba, saboda dalilai biyu. Na farko, a nan ne aka fara buɗe tutar ƙasar a shekarar 1884, tun kafin a sami ƙasar kanta. Na biyu kuwa, a nan ne cibiyar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wasan da ya fito da sunan Istoniya a duniya, wanda kuma shi ne babbar hanyar abincin mutanen garin. Tutar ta sha ɓoyo na kusan shekara 50 ta sake fitowa. Dusar ƙanƙarar kuwa ita ce a yanzu ake fargaba a kanta, domin hunturun da aka saba dogara da shi ya fara saɓa alkawari.

Ita Istoniya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, a bakin Tekun Baltik. Ta yi iyaka da Rasha daga gabas, da Latbiya daga kudu, sa'an nan ƙasar Finlan tana tsallaken ruwa daga arewa. Jama'arta kimanin miliyan 1.3 ne, babban birninta kuwa Tallinn. Galibin ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, tudun da ya fi kowane tsawo a cikinta mita 318 ne kacal. Saboda haka 'yan tuddan da ke kewaye da Otepää, waɗanda mafi tsawonsu, watau Kuutsemägi, mita 217 ne, a wurin mutanen ƙasar manyan duwatsu ne. Masana ƙasa sun bayyana cewa ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin Turai dubban shekaru da suka wuce ita ce ta tara wannan ƙasa da tsakuwa tuli-tuli sa'ad da take narkewa, ta kuma bar tafkuna da yawa a cikin kwaruruka.

Kan Beyar

Ma'anar sunan garin a tsohon harshen mutanen yankin ita ce “kan beyar”. Beyar wata ƙatuwar dabbar daji ce mai yawan gashi da ƙarfi, wadda har yau akwai ta a dazuzzukan ƙasar. An ce tudun da ke gefen garin ne ya yi kama da kanta, kuma hoton kan nata ne a tambarin garin. An fara ambaton wurin a rubuce a shekarar 1116, cikin littafin tarihin birnin Novgorod na Rasha, inda aka ba da labarin harin da mayaƙan birnin suka kai wa ganuwar da ke kan tudun. A wancan zamani ganuwar ta katako ce da ƙasa, kuma tana ɗaya daga cikin manyan mafakar mutanen lardin da ake kira Ugandi.

A farkon ƙarni na 13 mayaƙan Jamusawa masu yaƙi da sunan yaɗa addinin Kirista suka taso daga Riga suka auka wa yankin. Sun ƙone ganuwar a 1208. Bayan haka ta yi ta sauya hannu tsakanin 'yan ƙasa da Jamusawa da Rashawa, har a 1217 aka yi wata babbar kewayewa inda mutanen Istoniya da Rashawa suka haɗa kai suka tilasta wa Jamusawa barin wurin. Nasarar ba ta daɗe ba. A 1224 Bishop Hermann, ɗan'uwan Bishop Albert na Riga, ya karɓi lardin, ya soma gina fada ta jan bulo a kan tudun, wadda ake lissafa ta a matsayin ginin bulo mafi tsufa da aka sani a ƙasar. Ba da jimawa ba ya mayar da mazauninsa Tartu, kuma daga nan tauraron Otepää ya fara dusashewa. Abin da aka fi ɗauka shi ne an rushe fadar a 1396, cikin rikicin da ya ɓarke tsakanin bishop na Tartu da rundunar mayaƙan Jamusawa ta Liboniya. Da masu tonon kayan tarihi suka haƙa kangon a ƙarnin da ya wuce, sun tarar da wata 'yar bindiga ta hannu, wadda ake sanya ta cikin bindigogi mafi daɗewa da aka samu a Turai. Yau babu abin da ya rage a kan tudun sai gutsattsarin bango, amma daga can ana hangen garin duka da dazuzzukan da ke bayansa.

Shekaru ɗaruruwa suka shuɗe, sarauta tana fita daga wannan hannu zuwa wancan: Folan, Suwidin, daga bisani Rasha a farkon ƙarni na 18. Abin da bai sauya ba shi ne gonaki suna hannun iyayen gida Jamusawa, 'yan ƙasa kuma su ne masu noma musu. An soke bautar gona a wannan yanki a 1819, amma sokewar ta tsaya a takarda, domin manomi ya sami 'yancin kansa bai sami ko taki ɗaya na ƙasa ba, dole ya ci gaba da biyan hayar gona da aikin ƙarfi. A 1841, bayan amfanin gona ya lalace yunwa ta shigo, sai jita-jita ta bazu cewa Sarkin Rasha yana raba filaye kyauta a kudancin daularsa. Manoma suka yi ta neman a rubuta sunayensu domin su yi ƙaura. Iyayen gida suka ɗauki wannan a matsayin tawaye, aka turo soja. A watan Satumba na shekarar, manoman gandun Pühajärve, dab da Otepää, suka fito da sanduna suka hana soja kama 'yan'uwansu. Aka ƙaro soja aka murƙushe su, aka yi wa da yawa bulala mai tsanani a bainar jama'a. Mutanen yankin suna kiran wannan al'amari Yaƙin Pühajärve, ko da yake a gaskiya ɓangare ɗaya ne kaɗai yake da bindiga. Wani tsohon ƙaton itace da ke bakin tafkin, wanda aka ce a gindinsa manoman suka taru, har yanzu ana kiransa Itacen Yaƙi.

Garin da ake gani yau bai kai wannan tarihi tsufa ba. Ya taso ne a matsayin 'yar kasuwa a 1862 da sunan Nuustaku. A 1922 aka mayar masa da tsohon sunan ganuwar, a 1936 kuma aka ba shi matsayin gari.

Yadda Ɗalibai Suka Kawo Tuta

A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne 'ya'yan manoman Istoniya suka fara samun shiga Jami'ar Tartu, wadda a lokacin da Jamusanci ake koyarwa a cikinta. Al'adar da aka saba ita ce duk ɗan ƙasar da ya yi ilmi mai zurfi sai ya saki harshensa, ya rikiɗe ya zama Bajamushe. Waɗansu daga cikin ɗaliban suka ƙi wannan hanya, suka fara haɗuwa a 1870, kuma daga haɗuwar tasu Ƙungiyar Ɗaliban Istoniya ta samo asali.

Ɗaya daga cikin jagororin wannan farkawa shi ne Jakob Hurt, wanda ya yi limancin majami'ar Otepää daga 1872 zuwa 1880. Shi ne daga baya, a 1888, ya yi kira ga jama'a ta jaridu da su rubuta masa waƙoƙin gargajiya da tatsuniyoyi da karin maganar ƙauyukansu. Fiye da mutum 1,000 suka amsa kiran, malaman makaranta da manoma da ɗalibai, har abin da aka tara ya haura shafi 100,000. Bayan ƙasar ta sake samun 'yanci an sa hotonsa a takardar kuɗi. Zamansa a Otepää ya sa wurin ya yi suna a matsayin inda ɗan ƙasa zai iya ɗaga kai ya yi magana da harshen uwarsa.

Ƙungiyoyin ɗaliban Jamusawa a Tartu kowace tana da tutarta da launukanta. Ɗaliban Istoniya su ma suka zaɓi nasu a 1881: shuɗi da baƙi da fari. Mata uku ne suka ɗinka tutar da alharini, cikinsu har da Miina Hermann, wadda daga baya ta shahara wajen tsara kiɗa da sunan Miina Härma. Matsalar ita ce babu halin a buɗe ta a fili a cikin Tartu, inda idon hukuma da na ɗaliban Jamusawa yake a kansu. Saboda haka suka shirya tafiya kamar ta yawon shan iska, su kimanin 20, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai, suka hau keken doki suka nufi Otepää da tutar a naɗe. Sai da suka kusa isa suka warware ta. Ran 4 ga watan Yuni, 1884, a zauren gidan limamin majami'ar garin, wani malamin addini mai suna Rudolf Kallas ya sa mata albarka.

A ranar tuta ce ta 'yar ƙungiyar ɗalibai kawai. Amma sannu a hankali jama'a suka ɗauke ta tasu, ana fita da launukanta a bukukuwan waƙa da tarurrukan siyasa. Da daular Rasha ta rushe, Istoniya ta shelanta 'yancinta ran 24 ga watan Fabrairu, 1918, kafin ƙarshen shekarar kuma aka amince da launukan nan uku a matsayin tutar ƙasa. Bayanin da aka fi yi game da su shi ne shuɗi yana nufin sararin sama da tafkuna, baƙi yana nufin ƙasar noma da baƙar wahalar da kakanni suka sha, fari kuma dusar ƙanƙara da fatan samun haske. A 1934, da tutar ta cika shekara 50, aka manna waɗansu alluna na tunawa a bangon majami'ar Otepää.

A 1940 Tarayyar Sobiyet ta mamaye ƙasar, Jamus ta ƙwace ta a 1941, Sobiyet ta dawo a 1944, kuma faɗan wannan shekara ya yi wa Otepää ɓarna mai yawa. Sabbin masu mulki suka haramta tutar. Mutum yana iya rasa aikinsa ko ya tafi kurkuku saboda an gan shi da launukan nan uku a jere. Aka ɓamɓare allunan bangon majami'a. Ainihin tutar 1884 kuwa tun a 1943 'yan ƙungiyar suka ɓoye ta a wani gidan gona a yankin Jõgeva. Abin da ya fi ban mamaki a labarin nan shi ne riƙon sirrin. A ƙasar da 'yan sandan ciki suke da kunne a kowane lungu, ƙyallen nan ya shekara 48 a maɓoyarsa, mutane kaɗan ne suka sani, babu kuma wanda ya tona.

Da mulkin Sobiyet ya fara sassautawa, jama'a suka fito da launukan a fili. Ran 24 ga watan Fabrairu, 1989, aka sake ɗaga tutar a kan dogon hasumiyar fadar gwamnati a Tallinn, a wannan shekarar kuma aka mayar da allunan majami'ar Otepää. Ƙasar ta maido da 'yancinta ran 20 ga watan Agusta, 1991, a watan Disamba aka fito da tsohuwar tutar daga inda take. Tana ajiye yanzu a Gidan Tarihin Ƙasa da ke Tartu. A gidan liman na Otepää an keɓe ɗaki domin tarihinta, kuma kowace ranar 4 ga watan Yuni, wadda ita ce Ranar Tuta a ƙasar, 'yan ƙungiyar ɗaliban da manyan baƙi sukan hallara a harabar majami'ar.

Hedkwatar Hunturu

Mai karatun da bai taɓa ganin wasan zamiya ba zai so a yi masa bayani. Mutum yakan ɗaura waɗansu dogayen katakai sirara a ƙafafunsa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya riƙa zamewa a kan dusar ƙanƙara yana tunkuɗa kansa da sandunan. Akwai masu gangarowa daga kan dutse da gudun tsiya, akwai kuma masu cin dogon zango, hawa da gangara, ta cikin daji. Irin na biyun ne sana'ar Otepää. Masana motsa jiki suna sanya shi cikin wasannin da suka fi gajiyar da ɗan Adam, domin hannu da ƙafa da huhu duk aiki suke yi a lokaci guda, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa.

Tuddan yankin sun dace da wannan wasa, kuma dusar takan daɗe a can fiye da bakin teku. A zamanin Sobiyet aka gina cibiyar horo a Tehvandi, a gefen garin, inda 'yan wasan tarayyar ke zuwa shiri. Jami'ar Tartu ita ma ta kafa sansanin wasanninta a Kääriku, 'yar tafiya kaɗan daga garin. A nan ne wani abin tarihi ya faru a watan Maris na 1964, sa'ad da Shugaban Finlan, Urho Kekkonen, ya kawo ziyara. Harshen Finlan da na Istoniya 'yan'uwa ne na kusa. Shugaban ya yi jawabi a Jami'ar Tartu da harshen Istoniya, abin da ya sosa zukatan jama'a ƙwarai a lokacin da Rashanci ne harshen masu mulki, sa'an nan ya tafi Kääriku ya yi zamiya. Hanyar da ke ratsa dajin wurin har yau sunansa take ɗauke da shi.

Babban taron shekara shi ne tseren dogon zango na Tartu, wanda aka fara a 1960. Ko da yake sunan Tartu yake amsawa, a yanzu daga filin Tehvandi ake tashi, a ƙare kusa da garin Elva, tafiyar kilomita 63. Akwai kuma gajeren zango na kilomita 31 ga waɗanda ba za su iya dogon ba. Ana yin sa cikin watan Fabrairu, kuma dubban mutane ne ke shiga, gwanaye a gaba, a bayansu malaman makaranta da ma'aikatan ofis da tsofaffi, waɗanda burinsu kawai su kai ƙarshe kafin duhu. A kan hanya akwai tashoshi inda mutanen ƙauyuka ke miƙa musu abin sha mai ɗumi da abin taɓawa. Tun 1994 tseren yana cikin jerin manyan tseren zamiya na duniya da ake kira Worldloppet, abin da ya sa baƙi daga ƙasashe da yawa suke zuwa.

Mutanen Istoniya suna da wata al'ada ta raba wa garuruwa sarautar lokutan shekara. Garin Pärnu na bakin teku shi ne hedkwatar lokacin zafi, Otepää kuma hedkwatar hunturu. Kowace shekara, a ranar da hunturu ke kamawa cikin watan Disamba, lokacin da hasken rana bai fi awa shida da 'yan mintoci ba, akan yi biki a dandalin garin a karɓi sarautar. Abin ya yi kama da wasa, amma akwai ciniki a bayansa: masu masauki da masu abinci da masu ba da hayar kayan zamiya, yawancin abin da za su samu a shekara a 'yan watannin nan suke samunsa.

Zinariya Da Abin Kunya

A 1999 aka fara kawo gasar cin kofin duniya ta zamiyar dogon zango Otepää, kuma shekarun da suka biyo baya su ne na farin ciki. A wasannin Olamfik na hunturu na 2002 a Amurka, Andrus Veerpalu ya ci lambar zinariya a tseren kilomita 15, Jaak Mae ya zo na uku a wannan tsere, sa'an nan Veerpalu ya ƙara da azurfa a kilomita 50. A 2006 a birnin Turin na Italiya, Kristina Šmigun ta ci zinariya biyu, Veerpalu ya sake cin ɗaya. Zinariya uku ke nan a gasa guda ga ƙasar da jama'arta ba su kai na wani babban birni ɗaya ba. Dukansu uku a tuddan Otepää suka sha horo. A shekarun nan, in ana gasa a Tehvandi, jama'a kan yi dafifi a gefen hanyar tsere da tutoci, musamman a wani hawa mai wuya inda 'yan wasa ke jigata.

Sai kuma aka shiga wani babi. A 2011 aka ba da sanarwar cewa gwaji ya nuna wani sinadari haramtacce a jikin Veerpalu. Ya musanta, dubban 'yan ƙasar suka goya masa baya, a 2013 kuma kotun wasanni ta duniya da ke Suwizalan ta soke hukuncin da aka yi masa, bisa dalilin cewa akwai rauni a ma'aunin da aka yi gwajin da shi. Jama'a suka ɗauka magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. A watan Fabrairu na 2019, ana tsakiyar gasar duniya a garin Seefeld na Ostiriya, 'yan sanda suka kai samame suka kama 'yan wasa biyar bisa zargin ƙarin jini. Yadda ake yin wannan maguɗi shi ne a ɗebi jinin ɗan wasa a ajiye, in gasa ta zo a mayar masa, domin jikinsa ya ɗauki iska fiye da na abokan karawarsa. Biyu daga cikin biyar ɗin 'yan Istoniya ne, kuma ɗayansu, Karel Tammjärv, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa laifinsa. Bincike ya kai ga Mati Alaver, mai horarwar da ya jagoranci 'yan wasan ƙasar a shekarun zinariya. Kotu a Tallinn ta same shi da laifi a wannan shekara, Shugabar Ƙasa kuma ta janye lambobin girman da aka ba shi. Shi ma Veerpalu daga baya hukumar wasan ta duniya ta dakatar da shi saboda hannu a lamarin. Ba a karɓe lambobin Olamfik na 2002 da 2006 ba, suna nan a littafin tarihi. Sai dai abin da ya zube a 2019 ba lamba ba ce, amana ce, kuma ƙaramar ƙasa irin wannan, inda kowa ya san kowa, ta fi jin zafin irin wannan rauni.

Tafki Mai Tsarki Da Ɗakin Sirace

Ba kowa ne ke zuwa Otepää domin tsere ba. Daga kudu maso yammacin garin akwai tafkin Pühajärv, ma'ana Tafki Mai Tsarki, mai faɗin kusan murabba'in kilomita uku, da tsibirai a cikinsa. Tatsuniyar mutanen wurin ta ce hawayen wata uwa ne da ta rasa 'ya'yanta biyar a yaƙi suka taru suka zama tafkin, tsibiran kuma kaburburansu ne. A 1991 Dalai Lama, shugaban addinin Buda na Tibet, ya ziyarci bakin tafkin ya yi addu'a, an kuma kafa wani sassaƙen katako domin tunawa. A lokacin zafi, sa'ad da rana kan yi kusan awa 18 ba ta faɗi ba, bakin ruwan yakan cika da masu iyo da masu tuƙa kwalekwale. Da hunturu kuwa saman ruwan yakan daskare, masunta su huda rami su zauna a kan ƙanƙara da ƙugiya.

Sai kuma sauna, watau ɗakin sirace. Ɗaki ne na katako da ake ɗumama duwatsu a cikinsa har su yi zafi ƙwarai, a watsa musu ruwa tururi ya tashi, mutane su zauna su yi gumi suna bugun jikinsu da ganyen itace. In zafin ya ishe su sai su fita su faɗa ruwan sanyi. A ƙauyukan kudancin ƙasar ba wurin wanka kaɗai ba ne: a da can a ciki ake haihuwa, a ciki ake jinya, a ciki ake wanke mamaci. Irin tsohon ɗakin da ba shi da bututun hayaƙi, wanda ake yi a yankin Võru mai maƙwabtaka, Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Mutanen Otepää kuwa sun mayar da abin gasa. Kowane hunturu akan yi tseren sauna, inda ake ba ƙungiyoyi na mutum huɗu-huɗu taswira, su bi ɗakunan sirace da ke warwatse a yankin, su zauna a kowane aƙalla minti uku, su kuma tsunduma cikin ramin ƙanƙara. Da yawa sukan zo cikin shigar ban dariya, kuma ga dukkan alamu ba kowa ne ya damu da wanda ya zo na ɗaya ba.

A lokacin zafi akwai bikin kiɗa na Leigo, a wani gidan gona kusa da garin, inda makaɗa ke zama a dandali a kan ruwa, masu sauraro kuma a kan ciyawa a gaɓa. Hanyoyin tsakuwa masu hawa da gangara na yankin su ma sun jawo tseren motoci. A 2020 aka sa tseren Istoniya cikin gasar duniya a karo na farko, ɗan ƙasar kuma, Ott Tänak, wanda ya zama zakaran duniya a 2019, shi ne ya lashe shi.

In Dusar Ba Ta Zo Ba

Duk waɗannan abubuwa na lokacin zafi ba don nishaɗi kaɗai aka ƙirƙiro su ba. Hukumomin garin da 'yan kasuwa sun ga alama. Ma'aunan yanayi sun nuna cewa hunturun ƙasashen Baltik yana ƙara ɗumi, kwanakin da dusa ke rufe ƙasa kuma suna raguwa in aka kwatanta da tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Ba wai sanyi ya ƙare ba ne, har yanzu akan sami shekara mai dusa har gwiwa. Abin da ya ɓace shi ne tabbas. Dusa takan sauka a Disamba, ruwan sama ya biyo baya a Janairu ya wanke ta, a bar mutane da taɓo da duhu. An soke tseren dogon zango na Tartu sau da dama saboda rashin dusa, ciki har da 2014 da 2020. Hunturun 2019 zuwa 2020 ya yi ɗumin da ba a saba gani ba a ƙasar. Duk shekarar da aka soke tseren, ɗakunan masauki da aka kama sukan koma fanko, yaran makaranta kuma su wuce shekara guda ba su koyi wasan ba.

Cibiyar Tehvandi ta nemi mafita ta hanyar injuna. Akwai na'urorin da ke fesa ruwa cikin iska mai sanyi ya sauko a matsayin dusa, amma su ma ba sa aiki sai sanyi ya kai na daskarewar ruwa, ga kuma cin wutar lantarki da ruwa. Wata dabarar ita ce a tara dusa tuli guda a ƙarshen hunturu, a lulluɓe ta da garin katako mai kauri, ta kwana duk tsawon lokacin zafi. Wani kashi yakan narke, amma abin da ya rage yakan isa a shimfiɗa 'yar gajeriyar hanya kafin sabuwar dusa ta sauka. Akwai kuma hanyar kwalta da 'yan wasa ke horo a kanta da katakai masu ƙananan tayoyi. Waɗannan dabaru suna iya ceton gasar da ake kewaya 'yan kilomitoci a kusa da fili ɗaya. Ba za su iya shimfiɗa kilomita 63 ta cikin daji daga Otepää zuwa Elva ba, kuma wannan tseren ne na talakawa.

A halin yanzu garin ya fi karkata ga wani reshe na wasan, wanda ake haɗa zamiya da harbi. Ɗan wasa yakan yi gudu da bindiga a bayansa, ya tsaya a wurin harbi yana haki, ya nemi samun bara biyar daga nisan mita 50, wani lokaci a kwance wani lokaci a tsaye, kowane kuskure kuma sai ya biya shi da ƙarin zagaye ko ƙarin lokaci. Wannan reshe yana da ɗimbin masu kallo a talabijin a Jamus da Faransa da Norwe, kuma da yake a gajerun hanyoyi ake yin sa, dusar inji tana iya ɗaukarsa. A watan Maris na 2022 Otepää ta karɓi zagayen kofin duniya na wannan wasa a karo na farko, hukumar wasan ta duniya kuma ta ba garin shirya babbar gasar duniya ta 2027. Gasar takan ɗauki kusan mako biyu, takan kuma kawo 'yan wasa daga ƙasashe da yawa, da ma'aikata da 'yan jarida da 'yan kallo waɗanda yawansu ya ninka na mazaunan garin sau da yawa, har ya zama dole a nema wa waɗansunsu masauki a Tartu.